Me ya sa rauta ke zaɓar ƙofa mai nisa a cikin tarayyar BGP, kuma ta ina ake fara bincike?

Tambaya: Muna gudanar da babbar hanyar sadarwa mai lambar AS 64500 (AS na nufin cibiyar sadarwa da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya), wadda muka raba gida uku a tsarin tarayyar BGP (BGP ita ce ƙa'idar da cibiyoyin intanet ke musayar hanyoyi da ita), wato membobi 65001, 65002 da 65003. Rautocin da ke 65001, wato na'urorin da ke zaɓar wa bayanai hanya, suna fitar da bayanai zuwa cibiyoyin waje ta ƙofar da ke 65003, wadda sai an ratsa membobi biyu kafin a kai gare ta, alhali akwai ƙofa a 65002 da ke maƙwabtaka da su. Wani lokaci idan muka katse zaman BGP, wato haɗin da rautoci biyu ke musayar hanyoyi ta cikinsa, muka sake tayar da shi, zaɓin yakan canza ba tare da mun taɓa saiti ba. Akwai kuma wasu rukunonin adireshi da ba sa tsayawa a kan hanya ɗaya ko da na minti guda. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, abubuwa uku ka kawo, kuma ko da yake suna kama da ciwo ɗaya, kowannensu da tushensa. Na farko a mafi yawan lokuta ba matsala ba ce, aikin BGP ne kamar yadda aka tsara shi. Na biyu yana nuna cewa rautocinka suna kwatanta MED, lambar da AS maƙwabci ke aikowa don nuna ƙofar da ya fi so, bisa jerin isowar hanyoyi. Na uku shi ne mai wahala, domin yana iya faruwa ko da kowace rauta tana aiki daidai da ƙa'ida. Zan bi su a wannan jerin, amma kafin nan dole mu daidaita fahimta a kan abin da tarayya take yi wa hanya, domin yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

An ƙirƙiro tarayyar ne don a rage nauyin haɗin kowa-da-kowa da BGP na ciki yake bukata. Rautoci 100 a cikin AS ɗaya suna bukatar zama 4950 idan kowace za ta yi magana da kowace, shi ya sa ake raba AS ɗin zuwa ƙanana, kowanne ya riƙe haɗinsa na ciki, sannan ƙananan su yi magana da juna ta wani nau'in zama mai kama da na waje. Ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu ita ce takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 5065 ta shekarar 2007, wadda ta gaji RFC 3065 ta 2001, ita kuma ta gaji RFC 1965 ta 1996. Kalmar "kama" ita ce wurin lura. Zaman da ke tsakanin membobi biyu yana kama da na waje ta manyan fuskoki biyu: memba yana ƙara lambarsa a AS_PATH, wato jerin lambobin AS da hanya ta ratsa, idan hanya za ta fita daga cikinsa, kuma hanyar da aka ji daga wani memba ana iya isar da ita ga maƙwabtan ciki. A sauran al'amura ɗan gida ne. LOCAL_PREF, fifikon da cibiya ke ɗora wa hanya a cikin gida, yana tsallaka iyakar memba da darajarsa, MED ma haka, kuma an halatta a bar NEXT_HOP, adireshin da za a miƙa wa bayanai na gaba, yadda yake ba tare da an canza shi ba.

Lambobin membobi ba sa shiga AS_PATH a matsayin AS_SEQUENCE na yau da kullum. Suna shiga wani sashe dabam mai suna AS_CONFED_SEQUENCE, wanda rauta take nuna maka a cikin baka, kuma RFC 5065 ta ce kada a ƙirga wannan sashe idan ana auna tsawon hanya. Saboda haka idan rautarka a 65001 tana riƙe da hanyoyi biyu zuwa 203.0.113.0/24, ɗaya (65002) 64497 64510, ɗaya kuma (65002 65003) 64496 64510, idonka yana ganin uku da huɗu, amma ita biyu da biyu take gani. Cisco IOS, manhajar rautocin kamfanin Cisco, haka yake yi, Junos na kamfanin Juniper ma yana ba sashen tarayya tsawon sifili. A manhajar rauta ta FRRouting akwai umarnin bgp bestpath as-path confed da ke sa a ƙirga abin da ke cikin baka, sai dai ba na ba da shawarar kunna shi a cibiyar da ta haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban, domin rauta ɗaya mai ƙirgawa a tsakiyar waɗanda ba sa ƙirgawa ta isa ta kawo saɓanin zaɓi. Daga wannan kuma za ka gane dalilin da ya sa dabarar maimaita lambar AS don tsawaita hanya ba ta da amfani tsakanin membobi: duk maimaicin da ya faɗa cikin baka ba ya shiga lissafi.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne matakin da ke fifita hanyar waje a kan ta ciki. Mutum yakan ga rauta ta rubuta confed-external a jikin hanya sai ya ɗauka za ta rinjayi wadda aka rubuta wa confed-internal. A ƙa'idar RFC 5065, duk hanyar da aka ji daga maƙwabcin da ke cikin tarayya ɗaya ta ciki ce a wannan mataki, ko memba ɗaya suke ko ba memba ɗaya ba. Wanda ke cin wannan mataki shi ne hanyar da rauta ta ji kai tsaye daga AS na waje na gaskiya.

To idan tsawon hanya ya yi daidai, kuma ba a bambanta ciki da waje ba, me ya rage? A jerin Cisco, ana fara duba weight, fifikon da ake sawa a rauta ɗaya kaɗai, sai LOCAL_PREF, sai hanyar da rauta ta ƙirƙira da kanta, sai tsawon AS_PATH, sai ORIGIN, alamar yadda hanya ta fara shiga BGP, sai MED, sai waje a kan ciki, sai nisan IGP (ƙa'idar neman hanya ta cikin gida, irin su OSPF ko IS-IS) zuwa NEXT_HOP, daga nan sai matakan raba gardama irin su lambar shaidar rauta. A tarayya, mafi yawan hukunci yana faɗowa ne a wuri biyu: LOCAL_PREF a sama, ko nisan IGP a ƙasa. Idan ƙofar 65003 ce ke rinjaye a dukkan membobi uku, har a 65002 da ke da ƙofarsa, kusan tabbas wani ya ɗora mata LOCAL_PREF da ya haura 100 na asali. Wannan yakan faru idan kowane memba yana da masu kula da shi dabam, wani ya rubuta ƙa'ida yana ganin yankinsa kaɗai za ta shafa, ya manta cewa darajar tana tafiya har ƙarshen tarayyar. Idan kuwa a 65001 kaɗai ake ganin zaɓin, sai ka auna nisan IGP daga rautar zuwa adireshin NEXT_HOP na kowace hanya. Za ka iya tarar da cewa ƙofar da kake kira mai nisa ita ce mafi kusa a lissafin OSPF ko IS-IS, domin yawan membobin da aka ratsa da jimillar tsadar layuka ba su da alaƙa da juna.

Hanyar binciken da nake bi ba ta canzawa. Ina ɗaukar rukunin adireshi ɗaya tak, in tsaya a rautar da ake ƙorafi a kanta, in fara da tambayar ko hanyar da ake so ta iso wurin ma. Wannan tambaya tana gaba da duk wani kwatanci, domin rauta ba ta zaɓar abin da ba ta gani ba, kuma BGP a asalinsa hanya ɗaya kawai yake isarwa ga maƙwabci, wadda ya ɗauka mafi kyau. Rautar iyaka ta 65002 tana iya riƙe da hanyoyi huɗu, amma ɗaya za ta miƙa wa 65001, kuma ta zaɓe ta ne da nisan IGP daga inda take tsaye, ba daga inda kake ba. Idan a cikin memban akwai madubin hanya, wato rautar da ke karɓar hanyoyi ta rarraba wa sauran rautocin ciki, irin wanda RFC 4456 ta bayyana, ɓoyon ya zama hawa biyu: madubi ya tace, rautar iyaka ta sake tacewa. A IOS umarnin show ip bgp 203.0.113.0/24 zai nuna maka duk hanyoyin da rauta ke riƙe da su da wadda ta ci, a Junos kuma show route 203.0.113.0/24 extensive zai ƙara maka da layin Inactive reason, wanda ke faɗin matakin da kowace hanya ta faɗi. Idan hanya ɗaya kaɗai ka gani, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka koma rautar da ta aiko ta, ka sake wannan tambayar, ka ci gaba da ja da baya har ka iske rautar farko da ke riƙe da hanyoyin biyu. A nan aka yanke hukuncin, kuma a nan za ka jera siffofin hanyoyin biyu gefe da gefe ka nemi matakin farko da suka bambanta.

Wani lokaci hanyar ta iso amma ba ta shiga takara ba, rijiya ta bayar guga ya hana. Dalilin da ya fi yawa shi ne NEXT_HOP da ba a iya kaiwa gare shi. Tunda adireshin yana tsallaka membobi ba tare da an canza shi ba, rautar 65001 tana iya karɓar hanya mai nuni zuwa adireshin layin waje da ke can gefen 65003, adireshin da ba ya cikin IGP ɗinta. IOS zai rubuta inaccessible kusa da adireshin, Junos kuma zai ɓoye hanyar gaba ɗaya, sai ka neme ta da show route hidden. Maganin da ya fi tsabta shi ne rautar da ke bakin ƙofar waje ta sa next-hop-self, adireshin loopback ɗinta, wato adireshinta na kanta da ba ya rataye a kan wani layi, ya zama NEXT_HOP, kuma wannan adireshi ya kasance sananne a duk faɗin tarayyar.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai gyaran da ake yi cikin gaggawa wanda ke haifar da ciwo mafi wuyar ganewa. Idan mutum ya ga inaccessible, yakan sa next-hop-self a kan zaman da ke tsakanin membobi. Hanyar za ta tashi nan take, amma ma'anar nisan IGP ta canza: rauta yanzu tana auna nisa zuwa rautar iyakar memba, ba zuwa ƙofar fita ta gaskiya ba. Hanyar da ƙofarta ke can nesa za ta bayyana kamar tana bakin ƙofa, saboda kawai rautar iyakar da ta miƙo ta tana kusa. Idan kuma an sa shi a wata iyaka aka bar wata, to ana kwatanta ma'auni biyu da ba jinsi ɗaya ba. Don haka tambayar da ya kamata ka amsa ita ce ko IGP ɗaya ne ya ratsa membobin uku, ko kowanne da nasa. Idan ɗaya ne, ka bar NEXT_HOP yadda ƙofa ta sa shi. Idan kowanne da nasa ne, canza NEXT_HOP a iyaka ya zama dole sai dai in kana shigar da adiresoshin loopback daga wannan IGP zuwa wancan, kuma a wannan hali nisan da rauta ke gani guntu ne na tafiyar. Don irin wannan yanayi aka fitar da AIGP a RFC 7311 ta 2014, siffar da ke tara tsadar IGP tana tafiya da ita daga yanki zuwa yanki a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Sai dai ka sani cewa ana duba ta kafin tsawon AS_PATH, saboda haka kunna ta yana sake fasalin zaɓi fiye da yadda mutum zai yi tsammani.

Akwai wasu ƙananan dalilai da ke hana hanya isowa, kuma duba su ba ya cin lokaci. Idan aka yi amfani da lambar memba ɗaya a yankuna biyu, kowannensu zai ga lambarsa a cikin baka ya jefar da hanyar ɗan'uwansa a matsayin zagaye. Idan wani abokin ciniki yana magana da kai da lambar AS ta keɓe, daga 64512 zuwa 65534, kuma lambar ta yi karo da wadda ke cikin jerin bgp confederation peers, rauta za ta ɗauke shi ɗan tarayya. Sannan akwai ruɗanin alamomin community biyu na RFC 1997, wato tambarin da ake liƙa wa hanya don a san yadda za a bi da ita. NO_EXPORT yana barin hanya ta zaga dukkan membobi, ya tsayar da ita a iyakar tarayya. NO_EXPORT_SUBCONFED, wanda Cisco ke kira local-AS, yana tsayar da ita a cikin memba ɗaya. Wanda ya sa na biyu yana nufin na farko ya ɓoye hanyarsa daga sauran membobi da hannunsa. Haka nan matatar AS_PATH mai alamar ^$, wadda aka saba amfani da ita don nufin "hanyoyinmu na gida", ba za ta kama hanyar da aka ƙirƙira a wani memba ba, domin a teburin rauta hanyar tana ɗauke da lamba a cikin baka. A tarayya ya fi aminci a yi wa hanyoyin gida alamar community a inda aka ƙirƙire su, a riƙa tacewa da ita.

Yanzu ga batunka na biyu, zaɓin da ke canzawa bayan sake tayar da zama. MED ya bambanta da sauran siffofi ta fuska ɗaya: ana kwatanta shi ne kawai tsakanin hanyoyin da suka fito daga AS maƙwabci ɗaya. A tarayya, AS maƙwabci shi ne lambar farko bayan baka, ba lambar memban da ya miƙo hanyar ba. Wannan sharaɗi yana karya jeri na hankali, inda in na farko ya fi na biyu, na biyu kuma ya fi na uku, dole na farko ya fi na uku. Ga misali da hanyoyi uku. Hanya A ta fito daga AS 64496 da MED 200, nisan IGP 10. Hanya B ta fito daga AS 64497, nisan IGP 20. Hanya C ta fito daga AS 64496 da MED 100, nisan IGP 45. A ta fi B saboda ta fi kusa, kuma ba a duba MED tsakaninsu. B ta fi C saboda dalili ɗaya. Amma C ta fi A, domin maƙwabcinsu ɗaya kuma MED ɗinta ya fi ƙanƙanta. Rautar da ke kwatanta hanyoyi bibbiyu bisa jerin da suke a teburinta za ta ba da amsa uku daban-daban: in ta fara da A da B ta ƙare da C, in ta fara da B da C ta ƙare da A, in ta fara da A da C ta ƙare da B. Jerin teburin kuwa ya dogara ne da wadda ta riga isowa, kuma sake tayar da zama yana sake jerin.

Maganin wannan shi ne bgp deterministic-med, wanda ke sa rauta ta fara tara hanyoyi bisa AS maƙwabci, ta fitar da gwani a kowane rukuni, sannan ta kara gwanayen da juna. A misalinmu C za ta kori A, sannan B ta kori C, kuma amsar B ce ko wace hanya ta riga isowa. A IOS na gargajiya sai an kunna shi da hannu, alhali IOS XR da Junos haka suke aiki tun asali. Cibiyar da ta haɗa tsofaffin na'urori da sababbi takan kasance da halaye biyu ba tare da kowa ya lura ba. A kunna shi a kowace rauta ta kowane memba, domin rabin gyara a nan yana barin saɓanin a wurinsa. Ka kuma duba abu biyu da ke kusa da shi. Hanyar da ba ta zo da MED ba ana ɗaukarta sifili a ƙa'idar RFC 4271, wato mafi kyau, sai in an sa bgp bestpath med missing-as-worst, kuma dole wannan zaɓi ya zama iri ɗaya ko'ina. Sannan a IOS, hanyoyin da aka ƙirƙira a cikin tarayya, waɗanda AS_PATH ɗinsu baka ce zalla, ba a kwatanta MED ɗinsu sai an sa bgp bestpath med confed. Wanda ke ƙoƙarin karkatar da hanyoyin cikin gida da MED ya ga ba abin da ya motsa, yawanci wannan umarni ne ya rasa.

Batu na uku shi ne inda tsugune ba ta ƙare ba, domin deterministic-med ba ya warkar da shi. RFC 3345 ta 2002 ta bayyana yadda haɗuwar MED da ɓoyon hanyoyi ke sa rukunin adireshi ya yi ta kai-komo ba iyaka, a tarayya ko a tsarin madubin hanya. Bari mu ɗora hanyoyin nan uku a kan taswira. R1 ita ce rautar iyaka ta 65001, kuma ƙofofin A da B suna cikin membanta, a nisan 10 da 20. R2 ita ce rautar iyaka ta 65002, ƙofar C tana cikin membanta a nisan 40. Layin da ya haɗa R1 da R2 tsadarsa 5. Da farko R1 ta san A da B kaɗai, ta zaɓi A ta sanar da R2. R2 ta kwatanta A da C, maƙwabci ɗaya, C ta ci da MED, ta sanar da R1. Yanzu R1 tana da uku: C ta kori A, B mai nisan 20 ta kori C mai nisan 45, sai R1 ta sanar da B a madadin A. R2 yanzu ba ta ganin A, tana kwatanta B da C, maƙwabta daban, B tana nisan 25 daga gare ta, C tana 40, sai ta koma B ta janye C daga R1. Da C ta ɓace, babu mai korar A, sai R1 ta koma A, kuma an dawo farkon zance. Babu rautar da ta yi kuskure a kowane mataki, kuma babu layin da ya faɗi.

Alamar wannan ciwo ita ce lambar sigar teburin BGP tana ta hauhawa alhali zaman duk suna tsaye, saƙonnin sabuntawa tsakanin rautocin iyaka ba sa yankewa, kuma shekarun hanyar a teburin rauta kullum 'yan daƙiƙoƙi ne. Idan ka maimaita show ip bgp a kan rukunin sau da yawa a jere, za ka ga yawan hanyoyin kansa yana canzawa, yanzu biyu, an jima uku. Rukunonin da abin ya shafa za su kasance waɗanda kake ji daga AS biyu ko fiye, ɗayansu kuma ta ƙofofi biyu masu MED daban.

Magungunan suna da farashi kowanne. Na farko shi ne tsara tsadar IGP ta yadda layukan da ke tsakanin membobi za su fi duk wata tafiya ta cikin memba tsada. A misalinmu, in layin R1 da R2 ya koma 100, B za ta kasance a nisan 120 daga R2, R2 ta tsaya a kan C, R1 ta tsaya a kan B, kai-komon ya mutu. Wannan yana aiki sosai idan membobi suna haɗe hawa ɗaya, amma RFC 3345 ta kawo nau'i na biyu na ciwon da ke tasowa idan hanya tana ratsa hawa fiye da ɗaya, kuma cibiyarka mai membobi uku a jere tana iya faɗawa ciki. Na biyu shi ne bgp always-compare-med a ko'ina, wanda ke mayar da jerin hankali domin ana kwatanta MED ba tare da duba maƙwabci ba. Aibinsa shi ne MED na kamfanoni biyu ba ma'auni ɗaya ba ne, wani yana aiko da tsadar IGP ɗinsa, wani yana aiko da sifili, sai mai sifili ya kwashe komai. Na uku shi ne ka goge MED ɗin da ke shigowa a bakin ƙofa ka sa daraja ɗaya, ko ka yanke hukuncin tun a sama da LOCAL_PREF ta yadda kwatancin ba zai sauko har MED ba. Wannan shi na fi so ga hanyoyin da ke zuwa daga masu sayar maka da hanyar intanet, sai dai in akwai yarjejeniya da maƙwabci cewa za ka mutunta MED ɗinsa, kamar yadda ake yi da wasu abokan ciniki masu ƙofofi da yawa. Na huɗu shi ne rage ɓoyon kansa ta ADD-PATH na RFC 7911, wanda ke ba rauta damar sanar da hanya fiye da ɗaya ga rukuni ɗaya. RFC 7964 ta nuna cewa sanar da gwanin kowane rukunin AS maƙwabci yana kashe kai-komon, domin a misalinmu C ba za ta taɓa ɓacewa daga idon R1 ba. Kafin ka dogara da shi, ka tabbatar sigar manhajar da ke kan rautocin iyakarka tana karɓarsa a zaman da ke tsakanin membobi, ka kuma lissafa ƙarin ma'ajiyar da hanyoyin za su ci.

Abu ɗaya da zan hana ka yi yayin wannan bincike shi ne gyara da weight. Yana saman jeri, yana aiki nan take, kuma ba ya barin rautar da aka sa shi. Idan R1 ta fifita ƙofar 65003 saboda weight, rautar da ke gabanta a kan hanya kuma ta fifita ƙofar da ke bayan R1, kuma cibiyar tana tura fakiti zango-zango ba tare da MPLS ba, wato tsarin da ke kai fakiti har ƙofa bisa lakabin da aka liƙa masa, fakitin zai yi ta zagaye tsakaninsu har TTL ɗinsa, wato adadin zangon da aka yarda ya ratsa, ya ƙare. Idan traceroute, umarnin da ke jera zangunan da fakiti ya bi, ya nuna adiresoshi biyu suna maimaita juna, ka binciki weight da next-hop-self na tsakanin membobi kafin komai.

Don ka fara aiki yau, ka ɗauki rukuni ɗaya daga kowane nau'i na ƙorafin uku, ka tattara fitowar umarnin nuna hanya daga rautocin ƙofa, rautocin iyakar membobi, da madubai in akwai, duk a lokaci ɗaya gwargwadon iko. Ga kowace hanya ka rubuta LOCAL_PREF, lambar farko bayan baka, tsawon abin da ke wajen baka, ORIGIN, MED, adireshin NEXT_HOP da nisan IGP zuwa gare shi. Sannan ka fitar da duk layukan saiti da suka fara da bgp bestpath, da deterministic-med, da always-compare-med, da takwarorinsu na path-selection a Junos, daga kowace rauta, ka jera su ka ga wadda ta fita dabam. Idan za ka canza wata ƙa'ida, ka yi amfani da sabuntawa mai laushi ta route refresh maimakon katse zaman gaba ɗaya, domin katsewa tana sake jerin isowar hanyoyi, kuma a rautar da ba ta da deterministic-med ba za ka iya bambance sakamakon gyaranka da sakamakon sabon jerin ba.